Don Allah a daina toshe ɗigon ruwan hita, saura kaɗan mu rasa rai a gidana

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina yi maka fatan alheri kai da ma'aikatanka gaba ɗaya, Allah ya ƙara basira. Ni dai mai karanta jaridarku ne a waya daga nan Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, kuma ban taɓa rubuto muku komai ba sai yau, abin da ya sa na rubuto kuwa wani abu ne da ya same ni a cikin gidana a sanyin da ya wuce, wanda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, kuma na san akwai 'yan uwa Hausawa da yawa a Makka da Jidda da Madina da Riyad da ke karanta ku, har da na gida Najeriya da Nijar da yanzu kowa in ya gina gida sai ya sa hita a banɗaki. Don Allah a ba ni fili ko da wasiƙar ta yi tsawo.

Wanda bai san Ɗa'ifa ba zai ce me ya haɗa mutumin Saudiyya da ruwan zafi. Ni ma shekarun da na yi a Makka wajen Shara Mansur ban taɓa damuwa da hita ba, can ai da rani ruwan tankin saman gida da kansa yake zafi har sai ka tara a bokiti ya huce kafin ka iya wanka. Amma Ɗa'ifa a kan duwatsu take, tsayinta daga teku ya haura mita 1,800, in ka hawo ta hanyar Hada tun kafin ka iso za ka ji iska ta canza, ga hazo. In aka shiga kwanakin da Larabawa ke kira marba'aniyya, wato kwana arba'in ɗin nan da ke farawa wajen 7 ga Disamba, daga nan a faɗa shabaɗ, to ruwan famfo da asuba wallahi kamar an fito da shi daga firiza. Balle mutanen Abha da Ha'il da Tabuka, su na Tabuka ma har ƙanƙara ke zuba musu a dutsen Lauz. To ni kuma mahaifiyata tana wurina, ta manyanta, ga ciwon gwiwa ga na yatsu, kuma mace ce da ba ta yarda sallar dare ta wuce ta. Saboda haka hita, wanda a nan muke ce wa sakhan, a gidana ba kayan gayu ba ne, da shi Hajiya ke alwala.

Sakhan ɗin da muka tarar a shaggar da muke haya, wato sashenmu na gidan bene, tsoho ne, mai lita 50, ba mu san shekarunsa ba. A ƙasansa wajen da ruwan sanyi ke shiga akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙaramin baki a gefe, nan ake ce masa raddad, wasu su ce simamul aman. Duk sanda aka kunna sai ya riƙa ɗiga ɗis ɗis ɗis, uwargida ta gaji da ajiye roba a ƙasa, tayil ɗin wajen har ya yi fari. Na yi maganar a majalisarmu bayan isha'i sai aka ce ai akwai yaron nan ɗan garinmu yana taɓa aikin falamba, a taimaka masa, bai daɗe da zuwa ba kuma yana da iyali a gida. Na kira shi ya zo, yaro mai ladabi wallahi, har ƙasa ya durƙusa ya gai da Hajiya. Ya duba ya ce "Baba wannan ai ba wani abu ba ne", ya kwance ƙarfen nan gaba ɗaya ya je kanti ya sayo wani daban wanda ba shi da bakin nan na gefe, wanda aikinsa kawai ya bar ruwa ya shiga ya hana shi komawa baya, ya naɗa farin zaren nan teflon ya ɗaure. Ɗigo ya tsaya cak. Na ba shi riyal 30 na yi masa godiya, har na yaba shi a majalisa. Tsohon ƙarfen kuma ya bar shi a kan taga.

Bayan kamar wata biyu sai ruwa ya daina zafi sosai, ya ɗan yi ɗumi sai fitilar ta mutu. Na sake kiransa, ya buɗe murfin ƙasa ya ce abin da ke kashe wuta ne ya lalace, wato tamostat, "amma Baba ba sai an sayi sabo ba, zan haɗa maka kai tsaye, in ya yi zafi sai ku riƙa kashewa da hannu". Na ce to. Ni direba ne, abin da na sani mota, kuma a lokacin na ɗauka ya rage min kashe kuɗi ne.

Mun kai sati uku a haka muna kunnawa muna kashewa. Ranar da abin zai faru na yi tafiya Jidda kai wasu baƙi filin jirgi, babban ɗana ya kunna bayan isha'i don Hajiya ta samu ruwan alwalar dare, barci ya kwashe shi. Wajen ƙarfe uku na dare uwargida ta ce ta ji wani gurnani daga banɗaki kamar an ɗora babbar tukunyar biki tana tafasa, bango har yana ɗan rawa, ta leƙa ta ga fayif ɗin roba da ke fita daga hitan ya yi laushi ya lanƙwashe, ga tururi. A daidai lokacin kuma Hajiya ta fito da sandarta za ta shiga. Allah ya ba uwargida dabara ta riƙe ta ta ce "Hajiya dakata kar ki shiga", ta ruga tablon, wato akwatin makunnan wuta, ta sauke wutar gidan gaba ɗaya ta kwashe yara da Hajiya suka sauka ƙasa wurin maƙwabta cikin sanyin nan. Da ta kira ni ina hanya na ce ta kira 911, don a yankin Makka, wanda Ɗa'ifa ke ciki, lambar gaggawa ke nan, ko 998 ta Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana da ceto, amma kafin nan maƙwabcinmu ya hau ya tarar ƙarar ta lafa, tankin ya tsage ta wajen walda ruwa na bin bango. Malam Edita, da na iso da safe na ga banɗakin nan sai da na zauna a ƙasa, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Sai daga baya aka yi min bayanin abin da muka kwana da shi a gida, kuma shi ne ainihin abin da nake so mutane su ji. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake. Tanki mai lita 80 in ka ɗaga zafinsa daga 15 zuwa 60 ruwan zai ƙaru da sama da lita ɗaya, kuma tankin a rufe yake, ruwan ba ya iya komawa baya saboda raddad ya tare, to ina wannan ƙarin zai je? Ta ɗan bakin nan na gefe yake fita, shi ne ɗigon da muke jin haushi. An yi shi ne ya buɗe da kansa in matsin cikin tanki ya kai wajen bar 8. Wato wannan ɗis ɗis ɗin shi ne alamar abin yana aiki. Shi kuma tamostat shi ke yanke wuta in ruwa ya kai zafin da aka saita. Abu biyu ke nan da ke tsare da ranka, a gidana an cire na farko an tsallake na biyu, kuma duk da hannuna na biya kuɗin. In ruwa ya wuce zafin tafasa a cikin rufaffen ƙarfe, da zarar ƙarfen ya fashe wani sashe na ruwan nan take yake zama tururi, shi kuma tururi yana cin wuri fiye da ruwa sau 1,600 da wani abu, shi ya sa in hita ya fashe yake rusa bango ya ɗaga rufi. Mu Allah ya taimake mu tsatsa ta riga ta ci tankin ta gefe guda sai ya tsage a hankali ya saki.

To daga nan aka shiga neman sabo, nan ma wani karatun ne. Farko dai mai gida, na kira wakilinsa ya ce ku kuka lalata ku za ku saya, ni kuma na ce abin ya tsufa tun kafin mu shigo. Muka buɗe kwantiraginmu da ke manhajar Ejar ta rajistar haya muka karanta, kowa yana jan nasa, daga ƙarshe dai na ga gaskiya ina da laifi tunda ni na kawo wanda ya taɓa ba tare da na sanar da su ba, aka yi sulhu aka raba kuɗin biyu. Shawarata ga masu haya kafin ka sa a taɓa wani abu da ka tarar a gida ka tura wa mai gida saƙo a WhatsApp ya amsa, ka ajiye amsar.

Kwana biyar muka yi ana dafa ruwa a tukunya a kan gas ana sirka wa Hajiya a buta. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, cewa ma take ai cika alwala lokacin da jiki ba ya so lada gare shi, ya zo a hadisi, amma ni ina ganin yadda yatsunta ke ƙagewa in ta fito.

Na je kantin kayan ruwa, a bakin kantin ga masu aiki a tsaye kowa da jakarsa, kafin na gama faka mota mutum uku sun zagaye ni. Na farko ko tambaya bai yi ba ya ce riyal 50 ya ɗaura min cikin minti ashirin. Na ce raddad fa? Ya ce wanda yaron ya sa mana ma ya isa. Na ce ai shi ba shi da bakin fitar ruwa, ya ce "ahsan, hakan ma ya fi, ba zai dame ka da ɗigo ba". Na yi masa sallama. Na biyu lambarsa na samu a irin takardun nan da ake mannawa a ƙofar imara, wato benen haya, a waya ya yanka min farashi har da kuɗin hita wai yana da wani mai kyau a wurinsa an ɗan yi amfani da shi kaɗan, babu fatura, wato rasit, babu garanti. Da a da ne da na karɓa don ragin ya kai rabi, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Ladanin masallacinmu ne ya ce min akwai wani dattijo da ke yi wa masallaci aikin famfunan alwala shekara da shekaru, yana aiki a ƙarƙashin wata mu'assasa, wato kamfani mai rajista, in kira shi. Da ya zo muka gaisa da Larabci, yana jin na yi wa yaro magana da Hausa sai ya juya harshe, ashe Bahaushen Sudan ne mutumin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu wajen Sinnar, cikin zuriyar mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa irin ta tsofaffi mai daɗin ji, Hajiya ta riƙe shi da hira ta kusa rabin awa.

Abin da ya fara burge ni da shi, na tambaye shi nawa zan biya ya ce "ɗan'uwa ban ga aiki ba tukuna, me zan sa wa kuɗi". Sai shi ya shiga yi min tambayoyi, mu nawa ne a gidan, banɗaki nawa ne ke shan wannan hitan, akwai kicin a kai ko babu, ruwa daga tankin sama yake saukowa ko akwai dinamo mai turo shi, ana yawan yanke ruwa a unguwar har a kira wayit, wato motar tankar ruwa, ko a'a. Ya fito da mita ya gwada wuta, don tsofaffin gidajen ƙasar nan da yawa layi biyu gare su, wanda ake ce wa 110 da kuma 220, duk da tun 2010 gwamnati ta yanke a koma 230 sannu a hankali. Ya ce min hitan 220 in aka ɗora shi a ƙaramin layi kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙarfinsa zai bayar, mutum ya yi ta zagin kamfani alhali laifin haɗi ne. Namu layin daidai yake amma da ya zaro wayar sai ga ta siririya, an yi mata ƙari a tsakiya an naɗe da baƙin salatif har ya narke ya manne, kuma babu wayar ƙasa ko ɗaya. Ya ƙwanƙwasa bango da guduma yana saurare. Sannan ya ɗauki tsohon ƙarfen nan da aka bari a taga ya juya shi ya hura, ya ce "wannan lafiyarsa ƙalau, wa ya cire shi?" Na yi shiru. Bai sake tambaya ba, ya dai girgiza kai ya ce Allah ya tsare gaba.

Ya ce in je da kaina in sayo, shi ba ya sayar da kaya don kar a ce ya ci riba biyu. Ya rubuta min a takarda: lita 80 tunda mu bakwai ne, na tsaye ba na kwance ba tunda akwai wuri, in duba tambarin inganci na hukumar SASO da takardar nan mai launi launi da ke nuna yawan cin wuta, in tabbatar raddad sabo yana cikin kwali, in karɓi fatura mai ɗauke da harajin nan na kashi 15 da sunan kanti, a buga min hatimi a katin garanti. Ya ce na ƙasar nan irin na Khazaf da na waje irin su Ariston duk suna aiki in aka ɗaura su daidai, kar in tsaya jayayyar suna. Maganar fatura kuma ba wasa ba ce, kayan lantarki a ƙasar nan garantinsu ba ya gaza shekara 2, in kanti ya yi maka gardama akwai lambar Ma'aikatar Kasuwanci 1900, amma in ba ka da takarda da me za ka kai ƙara? Mu kuma mutanenmu mun saba a ce "bar fatura in rage maka", sai mu ji daɗi.

Ranar ɗaurawa awa uku ya yi, ni kuma na tsaya a kansa daga farko har ƙarshe, ba don ban yarda da shi ba, shi ya ce in tsaya in gani. Ya huda bango ya sa manyan ƙusoshi masu buɗewa a ciki, ya rataya jikinsa a kansu ya gwada, ya ce lita 80 kilo 80 ne ban da nauyin ƙarfen, wajen kilo ɗari ke nan a saman kan mai wanka. Ya sa raddad a bakin ruwan sanyi mai shuɗin zobe, ya nuna min kibiyar da ke jikinsa da ke nuna inda ruwa zai bi, ya ce tsakanin raddad da tanki ba a sa makullin rufe ruwa ko wane iri. Ɗigon da ya dame mu kuwa maganinsa ɗan siririn tiyo ne na riyal biyu ko uku, ya saƙala a bakin ya sauke shi har magudana, shi ke nan, ba roba ba farin tayil. Wallahi da na ga haka sai da hawaye ya zo min, wai a kan abin da bai kai kuɗin shayi ba na kusa rasa uwata.

Wuta kuma ya ce ba fanninsa ba ne sosai, ya kira abokin aikinsa kahraba'i, wato mai aikin wuta, ya ja sabuwar waya mai kauri 2.5 tun daga tablon ba ƙari a hanya, da makunninta a wajen banɗaki ba ciki ba, kuma tunda ginin babu wayar ƙasa ya sa mana irin na'urar nan mai yanke wuta da kanta in ta ji wuta na zurarewa, mai milli amfiya 30. Wannan ma ya ƙara min yarda da dattijon, mutum ya ce nan iyakar sanina ke nan. Yaron garinmu da ya faɗi haka tun farko da ba a kai ga wannan ba.

Kafin ya kunna sai da ya buɗe famfon ruwan zafi ya bar shi yana tari yana fitar da iska har ruwa ya zo sosai ba yankewa, ya ce in aka kunna hita babu ruwa a ciki cikin ɗan lokaci ƙarfen da ke dafa ruwan zai ƙone, don haka duk ranar da tanki ya ƙafe muna jiran wayit a fara kashe hita. Ya saita zafin a 60, ya ce in ya yi ƙasa sosai ƙwayoyin cuta na iya zama a ruwan da ke kwance, in ya yi sama kuma ga ƙuna ga farin dutsen nan da ke taruwa ya lulluɓe ƙarfen ga cin wuta, kuma ko a 60 ɗin a riƙa fara buɗe na sanyi saboda yara da tsofaffi fatarsu ba ta jure wa. Ya nuna min ɗan hannun da ke jikin raddad ya ce lokaci lokaci in ɗaga shi in ga ruwa ya fito in sake, in ya ƙi fitowa ko kuma ya koma zuba ba tsayawa ko hita a kashe, to sannan ne ya lalace, kuma maganinsa sabo irinsa, ba toshewa ba. Akwai kuma wani sandan magnesiyam a cikin tankin da aka sa don tsatsa ta ci shi maimakon ta ci tankin, ya ce bayan shekara ɗaya zuwa biyu a buɗe a duba shi a wanke dutsen da ya taru. Shekarata nawa a ƙasar nan ban taɓa jin wani ya ambaci wannan sandan ba.

Har lissafin wuta ɗana ya yi mana, tunda shi ne ɗan makaranta kuma abin ya tsaya masa a rai don shi ya yi barci a daren. Hita mai wat 1,200 kafin ya ɗaga lita 80 daga sanyi zuwa 60 yana ɗaukar kamar awa uku da rabi, ya ci kilowat huɗu da ɗan kai, a farashin halala 18 kowane ɗaya (halala ɗari ne riyal guda) bai kai riyal guda ba. To kun ga wanda zai ce yana gudun kuɗin wuta shi ya sa yake tsoma hitan bokiti mai tsirarar waya, ko ya shiga da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga, ba wani abin kirki yake ragewa ba, ga hayaƙin gawayi ba a gani ba a jin warinsa sai dai a wayi gari a tarar da mutane, duk shekara Difa'ul Madani sai sun yi gargaɗi a kan haka.

Dattijon nan riyal 150 ya karɓa, na wuta daban, ya rubuta min takarda da hatimin mu'assasarsu. Bayan kwana uku sai ga wayarsa wai yana tambaya ko akwai inda ke tsatsafo.

Malam Edita, ba na rubuto wannan don in tozarta yaron nan ba ne, kuma ba zan faɗi sunansa ko garinmu ba. Laifina ya fi nasa. Mu a nan zaman baƙunta muke, kowa na son ya taimaki nasa, wannan abu ne mai kyau kuma ba zan daina ba. Amma kunya tana cutar da mu. In Bafakistane ko Bamisire ya zo aiki sai mu tsare shi da tambaya har da ciniki, in namu ne sai mu ji nauyin mu ce a ina ka koya, wa ka taɓa yi wa, me ya sa ka cire wannan, kar a ce mun raina shi ko muna yi masa baƙin ciki. Shi kuma yana jin kunyar ya ce Baba ban iya wannan ba don kar a daina kiransa. In fenti ne ko ɗinki ya ɓaci a sake, amma wuta da ruwan zafi da gas ba a koyo a gidan mutane. Manyanmu na majalisu da ke cewa "a taimaka masa", taimakon da ya fi shi ne a haɗa shi da mu'allim, wato gwanin sana'a, na ƙwarai ya bi shi shekara ɗaya ko biyu yana riƙe masa jaka, tunda ita ma hukuma a nan tun 2021 ta fara yi wa masu sana'ar hannu jarrabawa, har da masu aikin ruwa da na wuta. Ku ma a jarida da za ku samu injiniya ya riƙa yi wa mutane bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa kafin hunturu ya shigo, da an amfana, don na tabbata a Jos da Zariya da Kano akwai gidajen da aka yi wa irin wannan toshewar.

Na je na same shi mu biyu ba a gaban mutane ba, na nuna masa hoton tankin. Ya kama kai yana salati, ya yi kuka sosai, ya rantse bai san aikin ƙarfen nan ba, shi ma haka ya ga wani yana yi. Na ce na yafe, Hajiya ma ta ce a gaya masa ta yafe, amma ya faɗa min gida nawa ya yi wa haka. Ya ƙirga huɗu ban da nawa. Mun bi uku tare da dattijon an mayar musu da raddad, a ɗaya ma mun tarar an tsallake tamostat kamar nawa kuma akwai jariri a gidan. Na huɗun ne ba mu samu ba, mutumin ya tashi, an ce ya koma Jidda ko Makka kuma ya kwance hitansa ya tafi da shi, lambar da yaron ke da ita ba ta shiga, a majalisa ma babu wanda ya san inda ya sauka.

To ɗan'uwa in kana karanta wannan, ko wani da ya san wanda ya taso daga Ɗa'ifa da hitansa a 'yan watannin nan, don girman Allah ka shiga banɗaki yanzu ka duba ƙasan hitan wajen fayif ɗin ruwan sanyi. In ba ka ga ƙarfe mai ɗan baki a gefe ba, ko ka ga an cusa masa ƙusa ko an ɗaure bakin, ka kashe wutarsa daga tablon kar ka sake kunnawa sai wanda ya san aikin ya zo ya gani.

Na gode Malam Edita, Allah ya saka da alheri. Wassalam.

Naku,
wani direba mai karatunku,
daga Ɗa'ifa, Saudiyya.